Labarin Lahadi, Rubutun Asabar

Ƙarfe biyar na yammacin kowace Asabar ake kashe injin buga jarida. Mai gadin coci yakan zo ya ja ƙofar ƙarfe, ya sa kwaɗo, ya kai mabuɗin ɗakin ajiya na bayan majami'a ya rataye a ƙusa. Ba mai taɓa shi sai safiyar Litinin. Shekara sittin da ɗaya ke nan ana haka.

Tsohon Faston da ya kafa jaridar bai yi niyyar kafa jarida ba. Littafin waƙoƙi ya sayo injin don ya buga. A shekarar da ruwa ya ci unguwannin gangare, ya buga takarda guda ɗauke da sunayen waɗanda suka ɓace da waɗanda aka samu, bai tambayi addinin kowa ba. Da mako ya zagayo mutane suka dawo suna tambaya ko akwai wata. Daga nan abin ya zauna. Tana da suna, ga shi can da manyan baƙaƙe a samanta, amma ba mai kiranta da shi. Jaridar coci kowa ke cewa. Wa'azi yana da gurbi ɗaya a shafi na biyu, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Sauran duk labarai ne: kotu, asibiti, farashin kasuwa, ƙwallo, da sunayen waɗanda suka rasu. Rabin ma'aikatanta ba 'yan coci ba ne, masu karatunta kuwa sun fi rabi.

Tsohon ya bar dokoki biyu, suna nan cikin gilashi a bangon ɗakin labarai. Ta farko: ba aiki ran Lahadi, ko na mutum ko na inji. Ta biyu: duk kuskuren da aka yi a faɗe shi a shafin farko, a kuma faɗi dalilinsa. A zamaninsa sau ɗaya jaridar ke fita a mako. Bayan rasuwarsa aka mayar da ita ta kullum, Litinin zuwa Asabar, ba kuma wanda ya zauna ya yi tunanin yadda za a fitar da jarida ran Litinin alhali an kulle inji tun Asabar. Sai aka riƙa buga ta Litinin da yammacin Asabar, dillalai su kwashe su ajiye a shagunansu, su baza ta Litinin da sassafe.

Editan labarai, wanda ma'aikata ke kira Jan Biro saboda abin da yake yi wa rubutunsu, ya shekara goma sha tara yana fitar da wannan jarida ta Litinin. Sau huɗu yana rubuta wa kwamitin coci takarda yana roƙon abu guda: mutum uku, awa huɗu, ran Lahadi bayan an tashi sujada. Sau huɗu ana ba shi amsa iri ɗaya, an karanta, an ajiye.

Da ya ga ba sarki sai Allah, ya ci gaba da dabarar da ya gada wurin editan da ya gabace shi. Duk wani taron da za a yi ran Lahadi, in dai yana da tsarin da aka buga da jawabin da aka raba tun kafin ranar, sai a zauna ran Asabar a rubuta shi kamar an riga an yi. Rabon kyaututtuka a makaranta, aza harsashin asibiti, tarbar baƙi. A ɗakin labarai rubutun gaba suke ce masa. A waje ba a ce masa komai, don ba wanda ya sani.

Wannan Asabar, wakilin da ke bin harkokin hukumar gari, wanda ake kira Mai Babur, ya shigo da takardu biyu ya ajiye a teburin Jan Biro.

«Ranka ya daɗe, gobe ƙarfe goma sha ɗaya za a buɗe sabuwar tashar mota. Ga tsarin taro, ga jawabin magajin gari. Har inda zai tsaya a yi tafi an sa alama.»

«Ka tabbata za a yi?»

«An kafa rumfa, an jera kujeru. Na ga ƙyallen da za a yanka da idona.»

Jan Biro ya karanta jawabin a tsaye, ya ja layi ƙarƙashin jimloli uku. Ya zauna ya rubuta: «Jiya magajin gari ya buɗe sabuwar tashar mota a gaban ɗaruruwan direbobi da fasinjoji.» Ya ɗan tsaya a kan ɗaruruwan, sannan ya bar ta. Taro irin wannan ba ya kasa ɗari biyu.

Shugaban masu ɗab'i ya leƙo, hannunsa duk tawada. Baban Inji ake ce masa. Musulmi ne, ya kuma girmi kowa a gidan.

«Malam, ka gama duban? Ni fa har yau ban ga bambancinka da mai bugun ƙasa ba, sai dai shi yana karɓar zakara.»

«Ɗauki shafin, Baba.»

«Na sha gaya maka, Lahadinku ba ta hana ni komai. A ba ni mabuɗi da yarana biyu, ku je ku yi ta waƙarku.»

«Ka je ka gaya wa kwamiti.»

«Ni? Wannan Gwaggon taka da ke shugabancinsa ko gaisuwa na yi mata sai ta gyara mini.»

Kafin biyar an buga kwafi dubu shida, labarin tasha a saman shafin farko. Dillalai suka kwashe. Mai gadi ya sa kwaɗo.

Ran Lahadi bayan sujada, Jan Biro ya biyo ta hanyar tasha da matarsa a mota. Tun daga nesa ya ga abin da ya sa ya taka birki. Manyan motocin haya guda bakwai sun gitta a bakin ƙofar, ɗaya a bayan ɗaya. Rumfa na tsaye ba kowa a ƙarƙashinta, wasu samari suna ɗora kujeru a kan juna. Ƙyallen yana nan ɗaure yadda aka ɗaura shi.

Ya fita ya tambaya. Direbobi suka kewaye shi, kowa na son ya riga faɗa. Ƙofar da aka gina ta yi wa manyan motoci kaɗan. Da safe aka gwada shigar da guda, ta goge gefenta tun daga fitila har baya. Wata uku suna faɗa, ba wanda ya saurare su. Magajin gari ya zo, ya hango, bai ko sauke gilashi ba ya ce a juya.

Jan Biro ya rubuta duka a bayan takardar tsarin sujada, da sunaye da lokaci. Labari ne na gaske, irin wanda ake samu sau biyu a shekara. Kuma a daidai wannan lokacin kwafi dubu shida na kwance a shaguna arba'in suna cewa an yi tafi.

«Baban yara, fuskarka ta sauya,» in ji matarsa da ya dawo mota. «Wani ya mutu ne?»

«Tukuna dai.»

Ya ajiye ta a gida ya wuce wurin Gwaggo. Ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta riƙe shi bayan rasuwar uban, ta shekara talatin tana shugabar makaranta, yanzu kuma ita ce shugabar kwamitin jarida. Ya same ta a baranda da tabarau a hanci. Ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya saba, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya.

«Gwaggo, mabuɗi na zo roƙo. Takarda guda kawai zan buga, rabin shafi, a bi dillalai a cusa a cikin jaridar gobe. Akwai labarin da…»

«Yau wace rana?»

«Na sani, Gwaggo. Amma in gari ya waye…»

«To, gari zai waye. Ka sha ruwa?»

«Ƙarya za mu sayar gobe.»

Ta dube shi ta saman tabarau.

«Yau ka yi ƙaryar?»

«Jiya.»

«To ta jiya ce, gobe ma tana nan. Ka zo da ita ofis. Ni ban taɓa jin maganar jarida ran Lahadi ba, ba kuma a kanka zan fara ba don kawai na yi maka wanka kana yaro.»

Ya sha ruwan. Da ya fito ya zagaya shagunan dillalai shida. Huɗu a rufe. Ɗaya ya ce ya riga ya tura nasa ƙauyuka. Na ƙarshe ya ce zai riƙe, amma da ganin idonsa ba zai riƙe ba.

Litinin kafin ƙarfe tara wayar ofis ta yi ƙara sau goma sha ɗaya. Wani gidan rediyo ya karanta labarin kalma bayan kalma, mai gabatarwa yana tsayawa a inda aka ce an yi tafi, yana tafawa shi kaɗai. Ƙarfe goma shugaban direbobi ya hau bene da mutum biyar a bayansa, ya shimfiɗa jaridar a teburin Jan Biro ya danne da yatsa.

«Malam, ɗaruruwan nan, a ina ka gan mu? Ni dai na san inda na tsaya jiya, kai ma ka gan ni, har ka rubuta sunana.»

«Tun Asabar aka buga wannan.»

«Asabar? Kafin a yi?»

«Kafin a yi.»

Mutumin ya juya ya dubi abokansa, ya sake dubansa.

«Ubana bai yi boko ba. Kullum sai ya sayi jaridar nan ya ba ni in karanta masa. Mutane suka ce, Alhaji, ta coci ce fa. Ya ce ya sani, amma ita ba ta ƙara gishiri. Da ta su o'o ce ta yi haka, wallahi ko takalmi ba zan sa in zo ba.»

Jan Biro bai ba shi haƙuri da baki ba. Ya ce ya duba shafin farko gobe.

Bayan sun fita ya sa aka sauko da tsofaffin jaridun Litinin daga kanta, ɗauri goma sha tara, shi da Mai Babur suka bi su da fensir. Awa biyu suka yi. Rubutun gaba ya kama ɗari biyu da goma sha biyu.

«Rana dubu ta ɓarawo,» in ji Mai Babur. Jan Biro ya ɗago kai, shi kuma ya haɗiye sauran.

A nan ne Jan Biro ya ga abin da bai gani ba jiya. Doka ta biyu ta ce a faɗi dalili. In aka faɗi dalili, duk garin zai san doka ta farko ce ta jawo. Kwamiti ba zai so a buga ba, ba kuma zai iya hanawa ba, tunda dokar tana rataye a bango. Dole su zaɓa. Takarda huɗu ba ta motsa su ba, watakila kunya ta motsa su. Ya zauna ya rubuta gyaran, ya yanke duk kalmar da ke neman tausayi:

«Ba a buɗe sabuwar tashar mota ran Lahadi ba. Labarin da muka buga jiya ba gaskiya ba ne. Editan labarai ne ya rubuta shi ran Asabar daga tsarin taro, kafin ranar taron, saboda jaridar nan ba ta aiki ran Lahadi. Ba wannan ne karo na farko ba.»

Ƙarfe biyu kwamiti ya zauna a ajin Lahadi na yara, don ana fenti a ɗakin taro. Mutum biyar a kan ƙananan benci, gwiwoyinsu sun kusa taɓa haɓa: Gwaggo, da matashin Faston da aka kawo bara, da lauyan coci, da mai kantin magani, da wani dattijo tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa wanda ba ya ji sosai. Jan Biro ya raba musu kwafi, ya tsaya jikin allo ya shirya wa faɗa.

Gwaggo ta karanta sau biyu.

«Ba wannan ne karo na farko ba. Sau nawa ne?»

«Ɗari biyu da goma sha biyu. A zamanina kaɗai.»

«To me ya hana ka rubuta? Sa lambar.»

Ya dubi lauya. Lauya ya gyaɗa kai ya ce gara a faɗa da bakinmu. Mai kantin magani ya ce rabonsa da ganin gyara mai kyau haka tun yana saurayi. Dattijon jirgin ƙasa ya tambayi abin da aka ce, aka maimaita masa da ƙarfi, ya ce madalla, Tsoho da kansa ya taɓa buga gyara a kan gyara. Cikin minti huɗu aka amince. Har Fasto ya ce zai ambaci abin a wa'azi, misalin mutumin da ya faɗi laifinsa ba a matsa masa ba.

Jan Biro ya ji kamar wanda ya tattaro ƙarfi zai banke ƙofa ya tarar da ita a buɗe.

«Saura dalilin,» ya ce. «In ba a gyara dalilin ba, za a sake. Abin da nake roƙo bai sauya ba. Mutum uku, awa huɗu, bayan sujada. Ba ma sai ɗan coci ya taɓa komai ba. Baban Inji da yaransa sun yarda, akwai wakilai biyu da Lahadi ba ranar ibadarsu ba ce.»

«Ni ban ga aibu ba,» in ji Fasto. «Asibitinmu ma yana aiki ran Lahadi.»

«Asibiti rai ne, Fasto,» in ji mai kantin magani. «Wa ya taɓa mutuwa don bai karanta labarin tasha ba?»

«Dokar ta ce ko na mutum ko na inji,» in ji lauya. «Injin kuwa ba shi da wani addini sai na mai shi. Yana cikin takardar kafa jaridar, sashe na uku.»

«A sauya sashen,» in ji Jan Biro.

«Sai babban taron ikilisiya. Yana zama bayan shekara biyu.»

«Shekara biyu ina fitar da jaridar da ba ta san abin da ya faru jiya ba?» Muryarsa ta ɗaga, ya ji ta, ya sauke. «Ranku ya daɗe, gidajen rediyo uku ne a garin nan. Kowa na da waya a aljihu. Mutum ya ga abu da idonsa ran Lahadi, ya sayi jaridarmu ran Litinin ya tarar ba mu ji ba. Dokokin nan biyu sun yi karo. Ɗaya ce za ta matsa.»

Gwaggo ta cire tabarau ta naɗe.

«Ɗana, ka yi magana mai kyau, kuma na ji ka. Yau na ji ka sosai. Amma dokokin ba su yi karo ba. Shekara talatin suna zaune lafiya a hannun Tsoho. Wani abu ne ya shiga tsakaninsu daga baya, shi ne jaridar Litinin. Tsoho bai san ta ba. Kai da bakinka ka ce ba ta yiwuwa sai da ɗayan biyu, ko aikin Lahadi ko ƙarya. Haka ne?»

Ya ga inda ta nufa, amma tambayar ba ta da wata amsa.

«Haka ne.»

«To ba ma son ko ɗaya. A daina ta.»

«Gwaggo!»

«A nan shugaba nake.»

«Shugaba, ba abin da na roƙa ke nan ba. In aka cire Litinin, abin da ya faru tun daren Juma'a sai Talata za a karanta shi. Kwana uku. Wannan ba jarida ba ce kuma, littafin tarihi ne.»

«Amma na gaskiya,» in ji mai kantin magani.

Aka ɗaga hannu. Huɗu da ɗaya. Fasto ne ɗayan, ya kuma sauke hannunsa da sauri kamar ya taɓa garwashi. Dattijon jirgin ƙasa ya tambaya ko an gama, aka ce an gama, ya yi addu'ar rufewa, ya roƙa wa editan labarai ƙarin hikima.

A bakin ƙofa Gwaggo ta riƙe hannun rigarsa.

«Ka rame. Ka ce wa matarka ta turo mini yaran ran Asabar, tunda yanzu kuna da sarari.»

Ƙarfe huɗu saura ya koma ofis. A ɗakin labarai kowa ya sunkuyar da kai kan aikin da ba ya yi. Baban Inji na tsaye a bakin matakala yana goge hannu da tsumma.

«Yaya, Malam? Mun samu Lahadin?»

«Mun rasa Litinin.»

Baban Inji ya daina goge hannun. Ya buɗe baki, da alama wata maganar dariya ce ta zo masa, ya dubi fuskar Jan Biro ya mayar da ita.

«To yarana na ranar Asabar fa? Me za su buga?»

«Ban sani ba, Baba. Ba a kai nan ba.»

Ya zauna ya jawo shafin farko na Talata. Labarin direbobi ya hau sama, ya makara da kwana guda. Gyaran ya shiga akwatinsa a gefen dama, da lambar a ciki. Saura sanarwar kwamiti, wadda lauya ya rubuta da hannunsa cikin layi tara, da godiya ga masu karatu da fatan alheri. Gurbin da ya rage layi biyu ne. Jan Biro ya bi ta yana sokewa har ta koma jimla guda: «Daga mako mai zuwa jaridar nan ba za ta fito ran Litinin ba.»

Mai Babur ya karanta ta bayan kafaɗarsa.

«Ranka ya daɗe, ba za a sa dalili ba?»

«Kuskure ne ake faɗin dalilinsa. Sun ce wannan ba kuskure ba ne.»

Ya miƙa wa Baban Inji shafin, ya ce a fara bugawa ƙarfe shida.